Abin da Amawali Ya Rufe

Zangon rijiya, arewa da Takanamat
Kwana goma sha ɗaya bayan Ƙaramar Salla

Zuwa ga ɗiyar kawuna Ummul Kulsum, a gidan likita, Tawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Mu nan lafiya, sai zafi. Cikin Shamsiya ya shiga wata na shida, tana cin abinci, ƙafa ce kawai ke kumbura. Ba ta san na rubuta wannan takarda ba.

Ban aiko miki da murya ta waya ba domin a nan sai an hau tudu ake samun rezo, kuma tudun ba ya rabuwa da mutane. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san aji uku na yi a lakwal.

Jiya da safe, rana ba ta gama fitowa ba, muna shayar da raƙuma. Ni nake kora taguwar da ke jan guga. Surukina, mahaifin Shamsiya, yana bakin rijiya yana karɓar guga yana juyewa a kwami. Sai igiya ta zo da ƙarfi, ta kama jelar rawaninsa ta fizge. Amawalin da ke rufe masa fuska ya sauko har haɓa.

Ke 'yar birni ce, gidan kawu ba a yin wannan, to bari in tuna miki al'adar gidan ubana. Namiji ba ya buɗe fuska gaban surukinsa, suruki ba ya buɗewa gaban mijin ɗiyarsa. Shekara biyu ina zaune a zangonsa, ban taɓa ci yana gani ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ba na yi masa magana sai ta bakin wani. Abin da ke ƙasa da idonsa bai kamata in gani ba har in mutu.

Na gani, Ummu. A kumatunsa na hagu, ƙasa da ido da faɗin yatsa ɗaya, akwai gyambo. Girmansa kamar gindin kofin shayi. Gefensa ya tashi ya naɗe kamar leɓen tukunya, tsakiyar ta lotsa, ja, tana tsattsafo da ruwa. Na yi maza na sunkuya na kama ƙafar taguwa kamar mai neman ƙaya. Da na ɗago ya riga ya gyara. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, sannan ya ce wa rijiya, ba ni ba, "A ja." Na ja.

Tun jiya abubuwa suke dawo mini. Lokacin da na zo neman aure amawalinsa a kan hanci yake, kamar na kowa. Bara ya hau. Bana yana taɓa gashin ido, da kyar ake ganin idon hagu. Mutane yabonsa suke yi, wai dattijo yana ƙara girma yana ƙara kunya, har ana ce wa samari su yi koyi da shi. Ni ma na ɗaga nawa. Ashe abin da yake rufewa ne ke girma. Shi yake wanke rawaninsa da kansa, ba ya ba mata. Alwala sai ya zagaya bayan aduwa. In ana zaune mutum shida ana shan shayi, ƙuda shi kaɗai suke nema.

Ki gaya mini ko mene ne wannan, kuma ko akwai ƙwaya ko man shafawa da zan ba uwar Shamsiya ta ajiye masa ba tare da an ce daga ina ya fito ba. Tanko direba zai kawo miki wannan ranar kasuwa, ki ba shi amsa.

Ɗan gwaggonki,
Rissa

*

Tawa, unguwar gidan likita

Zuwa ga Rissa, damo sarkin haƙuri.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna tambayar raƙumin da ka yi musu alkawari tun kafin su yi haƙori. Ka gaida Shamsiya, ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, kuma ta je awo wurin majo, mai kula da ɗakin shan magani a Takanamat, kada ta tsaya sai watan haihuwa.

Rubutunka kamar sawun kaji, amma sau uku na karanta shi, na daina dariya tun a na farko. Na karanta wa lokotoronmu, babban likitan nan, wurin da ka kwatanta ciwon, ban faɗi ko na wane ne ba. Ya ce wanda ya rubuta wannan yana da ido. Ya ce ba zai yanke hukunci a kan takarda ba, sai ya gani, amma gyambon da ya shekara bai warke ba, mai naɗaɗɗen baki, a fuskar mutum mai hasken fata da ya yi rayuwarsa cikin rana, abin da ake fara tsoro shi ne ciwon daji na fata.

Kada sunan ya kashe maka jiki. Wannan yana cikin waɗanda ake cin ƙarfinsu in an zo da wuri. Ana yanke shi da ɗan naman da ke kewaye, a ɗinke, mafi yawan mutane su koma gida da tabo kawai. Amma in an bar shi, ci yake yi, ƙasa da gefe. Yakan kai ga ƙashi, yakan kai ga ido. Akwai irin da ke sauka cikin kaluluwar wuya, kuma daga nan magana ta zama wata. Babu ƙwaya, babu man shafawa. Kada a sa masa toka, kada a sa kanwa, kada wuta ta taɓa shi.

Ka duba mini abu biyu. Yana zubar da jini? Akwai ƙullutu a gaban kunne ko ƙarƙashin muƙamuƙi? In za ka iya, ka ɗauki hoto da waya. Sannan ka kawo shi Tawa, satin nan in ya yiwu. Ka ce masa ya buɗe a duba, fuska ce, ba al'aura ba. Ka bi a hankali, kada ka tada hankalin gida, musamman Shamsiya da cikinta.

Ɗiyar kawunka da ta fi ka wayo,
Ummu

*

Zangon rijiya
Saura kwana ashirin Babbar Salla

Ummu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Shamsiya ta je awo, majo ya ce komai daidai. Taguwa ɗaya ta haihu.

Takardarki ta kwana goma sha shida a aljihun Tanko, motarsa ta mutu a hanya sai da aka nemo mata ƙarfe daga Tawa. Da ta iso na karanta a bayan garke. Na yi yadda kika ce, ban tada hankalin gida ba. Ban gaya wa kowa ba. Sati uku ke nan ina neman ƙofar da zan shiga ba tare da an ji motsina ba, ban samu ba.

Hoto kuwa, Ummu, kin taɓa jin wanda ya ɗaga waya a fuskar surukinsa? Kin ce in ce masa ya buɗe. Da wane baki? Idan na ce masa yana da ciwo, na ce masa ke nan na ga fuskarsa. Mutumin da ake kwatance da kunyarsa, a ji cewa mijin ɗiyarsa ya gan shi haka? Na san wanda aka kwance wa tanti a kan abin da bai kai wannan ba, matarsa ta zauna gidan ubanta, shi ya tafi da sirdinsa. Shamsiya saura wata biyu ta haihu.

Amma na sa ido. Jini yana zuba. Rawaninsa baƙi ne, ba a gani, sai dai in ya shanya shi, wuri ɗaya yakan bushe ya sandare kamar fata. Idon hagu ya fara hawaye, yana sharewa da gefen yatsa. Kuma in yana zaune shi kaɗai yana jan carbi, hannunsa na hagu yakan shiga ƙarƙashin rawani, ƙasa da kunne, yana murza wani abu. Da ba ya yin haka. Na ƙirga, jiya tsakanin azahar da la'asar sau bakwai.

Ga abin da ya sa na rubuta yau. An ga walƙiya a kudu. Da zarar ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, zai ɗauki raƙuma ya yi arewa kamar kowace shekara, ba ya dawowa sai kaka. Wata huɗu, inda babu mota babu likita. Shekaranjiya ya aika a kira masa Suleman maƙeri, wai ya zo ranar Alhamis ta sama da ƙarafansa, akwai raƙumi mai ciwo da za a yi wa lalas. Ni nake kiwon raƙuman nan, babu mai ciwo ko ɗaya. So yake a ƙone masa gyambon ya bushe kafin tafiya.

Ba na iya cin abinci. Shamsiya ta ce ko wata nake nema a Takanamat, na yi dariya don ta bar ni. Ki gaya mini, in wutar ta taɓa shi sau ɗaya kawai, shi ke nan an rasa?

Rissa

*

Tawa, Litinin

Rissa,

Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, babu lokacin wata. Na biya ɗan kabu-kabu ya kawo maka wannan hannu da hannu, ban yarda da motar Tanko ba.

Cewa na yi kada ka firgita mace mai ciki, ban ce ka ɗinke bakinka ba! Sati biyar, ɗan gwaggo. Laifina ne ni ma, na san halinka, in an ce maka jira a nan, sai a dawo bayan shekara a tarar tsuntsu ya yi sheƙa a kanka. Kuma na raina al'adarku, na ɗauka magana ce ta buɗe ka rufe. Ka yafe mini wannan.

Wuta ba ta kashe ciwon nan. Sama take ƙonewa, ya yi ɓawo, mutum ya ɗauka ya warke, shi kuwa yana ci a ƙasa. Kuma kusa da ido ne. In aka ƙone wurin, lokotoro zai sha wuyar gane inda ciwo ya tsaya da inda ƙuna ta fara. Abin da yake murzawa a ƙarƙashin kunne shi ya hana ni sukuni. Yana iya zama kaluluwar gyambo kawai, irin wadda kowane miki ke kawowa. Yana iya zama ciwon ne ya sauka. Ba mai sani sai an taɓa, an ɗebi ɗan nama an aika Yamai an duba. A nan na ga wanda ya zo da nasa kamar ƙwayar wake, yau yana sayar da albasa a kasuwa, sai ka matsa kusa za ka ga ɗinkin. Na kuma ga wanda ya jira damina ta wuce. Ba zan kwatanta maka shi ba.

Na yi magana da lokotoro. Namiji ne, ya manyanta. Zai gan shi a ɗaki, ƙofa a rufe, ba mace, ni ma ba zan shiga ba. Ranar Litinin mai zuwa da safe. Ina bukatar cikakken sunansa don kati, ka rubuto, takarda ba ta da suruki.

Ban san yadda za ka yi ba, kai ka san mutanenka. Abin da na sani shi ne in ya tafi arewa da abin nan, ban ce maka zai dawo da ido biyu ba, ban ma ce maka zai dawo ba.

Ummu

*

Zangon rijiya
Alhamis, bayan azahar

Ummu,

Assalamu alaikum. Ina gaida mutanen gida. Shamsiya lafiya, ta yi kuka amma ta ci abinci. Ki yi ƙoƙari da rubutun.

Jiya na tari Suleman maƙeri a hanya kafin ya iso zango. Kin san maƙeri a wurinmu ba ya jin kunyar kowa, shi ake aikawa da maganar da ta fi ƙarfin baki. Na karanta masa takardarki, na roƙe shi ya faɗa wa tsoho a madadina. Ya yi dariya har jakinsa ya tsaya.

Ya ce, "Kai yaro, ka ɗauka kai ka fara gani? Ni nake yi masa aski. Tun abin yana kamar ƙwayar gero na ce masa ya je likita, ya ce in kula da zugazugina. Ni kullum magana nake, shi ya sa maganata ba ta da nauyi. Kai da ba ka taɓa ce masa uffan ba, kalmarka ɗaya ta fi tawa ɗari."

Na ce to ya ƙi yin lalas ɗin. Ya ce, "In na ƙi, akwai maƙera a arewa, kuma hannunsu ya fi nawa nauyi. Zan hura wuta a hankali gobe. Gawayina jiƙaƙƙe ne, in ka gane."

Yau da hantsi suka zauna ƙarƙashin aduwa, bayan tantin uwar Shamsiya. An kafa asabari don kada a gani. Malam Attahiru, limaminmu, ya zo yin addu'a, ya juya baya yana kallon garke. Ina jin zugazugi, fuu, fuu. Sau biyu na taso na koma. Na uku ban tsaya tunani ba, na zagaya asabarin na durƙusa gaban tsoho, kusa, yadda ban taɓa yi ba. Ƙarfen ya fara ja. Bai riga ya kwance rawani ba.

Na sa hannu na sauke amawalina har wuya.

Ummu, iska ta taɓa mini baki gaban surukina, na ji kamar tsirara nake a tsakiyar kasuwa. Ya kau da kai da sauri. Ya ce, "Suleman, gaya wa mijin ɗiyata iska ta kwance masa rawani, ya je ya gyara."

Hanya ya ba ni in fita, kowa ya yi kamar ba a yi ba. Na kusa karɓa. Na ce, "Baba, ba iska ba ce, hannuna ne. Na ga fuskarka a rijiya ranar da igiya ta kama rawani. Ga tawa, ka gani, mu zama ɗaya."

Zugazugi ya tsaya. Malam ya daina jan carbi amma bai juyo ba. Na faɗi duk abin da kika rubuta, da sunan ciwon, da abin da wuta ke yi, da mai albasa, da ɗakin da za a rufe ƙofa. Muryata tana fita kamar ta ɗan akuya. Na ce in ya ga dama ya kwance mini tanti yau, amma ya fara zuwa Tawa.

Tsoho bai juyo gare ni ba. Sannan ya ce, har yanzu Suleman yake kallo, "Tambaye shi, wa ya koya masa rashin kunya, dangin uwarsa?"

Sai murya ta fito daga cikin tanti. Inna Kadidiya ce, uwar Shamsiya. Ta ce, "Bar dangin uwarsa. Ni nake juya matashinka kowace safiya don kada yara su ga jini. Ka yi shiru, na yi shiru, maƙeri ya yi surutu ba a ji. Yaron nan ya tuɓe gabanka, kai kuma sai ka mayar masa da zagi?"

Na ji kukan Shamsiya a bayanta. Ashe tana nan.

Tsoho ya sa hannu ƙarƙashin kunne. A karon farko tun da na san shi ya dube ni ido cikin ido, ya yi mini magana ni da kaina. Ya ce, "Za su cire idon?"

Na ce ban sani ba. Na ce an ce wanda ya zo da wuri da tabo kawai yake komawa, amma ban sani ba ko mu masu wuri ne. Ban iya yi masa ƙarya ba, fuskata a buɗe.

Ya ce wa Suleman ya tura ƙarfen cikin rairayi. Ya bar shi ya taɓa wuyan. Ƙullutu ɗaya ne, kamar ƙwallon magarya, da tauri, Suleman ya ce yana ɗan motsi ƙarƙashin yatsa. Ban sani ba ko wannan labari ne mai daɗi, ki tambayi lokotoro.

A nan gaban kowa ya ba da magana zai shiga motar Tanko ranar Lahadi, shi da Inna Kadidiya. Ya ce ba zan bi su ba. Ya ce wanda ya hana shi zuwa arewa shi zai kai raƙuman, in tashi da ruwan farko, kada in dawo sai kaka. Daga nan ya ce, "Rufe fuskarka," ya juya. Ban sani ba ko amana ya ba ni ko kora ce. Shamsiya za ta haihu ba na nan. Abin da Yamai za ta ce a kan naman ma ba zan ji ba, sai in wani ya biyo sawunmu da labari. Hadari yana haɗuwa yanzu haka da nake rubutu.

Sunansa yana bayan takardar nan, ɗan kabu-kabu zai kawo miki ita kafin Lahadi. Shamsiya za ta faɗa, Tanko ya rubuta. Na yi abin da na yi yau, amma wannan hannuna ya ƙi.

Ki je tasha da kanki ki tare su, kada ki aiki kowa. Ina tsoron ya ga ƙofar gidan likita ya ce shi kasuwa ya zo. In ya fara haka, kada ki yi gardama da shi, kada ki ambaci ciwo. Ki ce masa kawai ya ba da magana a ƙarƙashin aduwa, kuma ba ni kaɗai na ji ba. Suleman maƙeri yana wurin, ƙarfe a hannunsa. Malam Attahiru yana wurin, bayansa ya juya amma kunnensa bai juya ba. Inna Kadidiya ta ji. Ɗiyarsa Shamsiya ta ji, da cikin wata bakwai.

Rissa